Lasin a hannu, lokaci a hannun mai rosta

Duk wanda ya ji kin gama makarantar nas abu na farko da zai ce miki shine ai ku kun huta, aikinku a hannu yake, asibiti ne zai zo har gida yana roƙonki. Nima haka na ɗauka wallahi, don tun muna aji ɗaya muke jin ana cewa nas-nas sun yi ƙaranci, kowa na tafiya Ingila da Saudiyya da Kanada, wodi ɗaya nas biyu ke riƙewa. Kuma ba ƙarya bane ƙarancin, na gani da idona lokacin da muke fita aikin koyo. Abun da ba wanda ya faɗa mana shine ƙarancin ma'aikata daban, ɗaukar ma'aikata daban, kuma a tsakaninsu akwai wani rami da sabuwar nas ke faɗawa, wanda a cikinsa lokacinki ba naki bane, na duk wanda ya riƙe biro da takardar rosta, wato jadawalin duti, ne.

Jarabawar kansul, wato hukumar da ke ba nas da ungozoma lasin a Najeriya, na rubuta a Nuwamba 2023, ta nas ɗin gaba ɗaya da ake yi sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba, a yi ta kwamfuta sannan a yi ta gwaji inda zaki dinga zagaya tebur-tebur ana buga ƙararrawa. Sakamako ya fito na ci alhamdulillah, akai mana rantsuwa, Umma ta dafa shinkafa aka raba ma maƙota. Toh daga nan ne lissafi ke rabuwa. Waɗanda sukai digiri a jami'a suna da intanship na shekara ɗaya sannan bautar ƙasa, ko ba komai sun san inda zasu sa ƙafa na ɗan lokaci, duk da suma neman gurbin intanship ɗin wani tashin hankali ne. Mu da muka fito da RN, wato shaidar nas mai rajista, daga kwaleji babu wannan, ana gama rantsuwa kin zama 'yar kasuwa, kuma lasin ɗin kansa ba ranar ake miƙo miki ba sai kin jira, ga shi yawancin wurare abun da zasu fara tambaya kenan, ina lasin?

A watannin jiran nan na haɗa fayil. Duk wacce zata fara nema ta haɗa nata tun wuri dan Allah: sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin firamare (eh har shi ana tambaya), takardar gama makaranta, shaidar cin jarabawar kansul, indijin daga ƙaramar hukuma, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, NIN, da fasfo masu yawa. Akwai wani yaro mai shagon kwamfuta a layinmu nan Rigasa shi ya buga min sibi, takardar tarihin karatu da aiki, ya sikanin takardun ya tura min a waya, saboda idan aka buɗe fotal ɗin ɗaukar aiki ba'a jiran kowa, kuma kowanne da girman hoton da yake karɓa. Kuɗin fotokwafi kaɗai da na kashe sai da Yaya ya fara tsokanata wai ko injin zamu saya.

Sai yawo. Kowa a Kaduna ya san wuraren da muke mafarki: Barau Dikko, asibitin sojoji na 44, Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, asibitin ido, asibitin kunne, na ƙwaƙwalwa a Barnawa, ko Shika can Zariya. Amma asibitin gwamnati ba'a ɗaukar mutum a bakin get. Na jiha sai gwamnati ta amince a ɗauka an yi sanarwa, na tarayya sai sun samu izini daga Abuja sannan a raba guraben jiha-jiha, saboda haka ko kin kai takarda iyakaci a karɓa a ajiye a ce ki dinga bibiya. Wasu 'yan ajinmu sun shiga aikin sa kai, suna yin duti cikakke ba ko sisi da fatan in an tashi ɗauka za'a tuna da su. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ni dai gidanmu ba zai ɗauki kuɗin mota kullum ba tare da wani abu na shigowa ba, tunda aka cire tallafin mai a Mayu 2023 daga Rigasa zuwa Bakin Ruwa zuwa Kasuwa ka dawo ba ƙaramin abu bane.

Akwai kuma masu cewa suna da hanya. Wani mutum da aka haɗa mu da shi ya kira Kawu yace akwai gurbi a wani wuri na tarayya amma sai an ajiye kuɗi masu kauri, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. Kawu ya saurare shi har ya gama sannan yace masa malam in takardar ta fito ka kawo mu gani, daga ranar bai sake kira ba. Na san wacce iyayenta suka sayar da fili suka bayar, har yau ba aikin ba kuɗin.

Ana cikin haka a Fabrairu 2024 kansul ta fitar da sanarwar nan da ta tada ƙura, cewa daga 1 ga Maris duk nas ɗin da ke son a tantance mata takardu don aiki a waje sai ta yi shekara biyu tana aiki bayan samun lasin. Magatakardan kansul ya ce nas sama da dubu 42 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Nas-nas sukai zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki, shafin tantancewar ma ya daɗe a rufe sai wajen Satumba aka sake buɗewa. Ni ba fita waje nake nema ba, Baba ma ba zai bari ba yanzu, amma maganar ta shafe mu ta wata hanya, don wasu masu ƙananan asibitoci sun gane cewa sabbin nas na neman inda zasu tara shekarun nan ko ta halin ƙaƙa. Ga kuma tallan aiki kusan duk wanda kika buɗe an rubuta ana son mai ƙwarewar shekara biyu ko uku. To in kowa mai shekara biyu yake so, a ina za'a fara ta farkon?

Inda na fara wani ɗan asibiti ne mai zaman kansa, gado goma sha wani abu, likita ɗaya mai wurin sai wani da ke zuwa lokom, wato aikin wucin gadi. Albashin da aka yanka min dubu 35. Da nace yayi kaɗan sai mai wurin yace Sista ai ke ya kamata ki gode, ƙwarewa zaki samu a nan. Ko bayan da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a Yuli 2024, gwamnatin Kaduna kuma ta ce nata dubu 72, namu bai motsa ba, kuma dokar ma ta cire wuraren da ma'aikatansu basu kai 25 ba. Na karɓa saboda zaman gida ya fara taɓa min hannu, nas in ta daɗe bata sa kanula a jijiya ba hannun mantuwa yake.

Rostar wurin nan ita ce nake so ku gani da kyau. Takarda ce fallen littafi an ja mata layi da rula an manna da filasta a jikin durowar magani, sunayenmu a gefe, kwanaki a sama, M na safe, A na yamma, N na dare, O na hutu. Da fensir ake rubutawa. Wurin ya sha goge-goge har takardar tayi laushi, wani gidan in kika kalla da kyau zaki ga inuwar harafi biyu ko uku a ƙarƙashin wanda ke sama. Metiron, shugabar nas ɗin wurin, ce ke rubutawa, kuma duk sanda wata ta roƙe ta ko wani abu ya taso sai ta goge ta canza, wani lokaci ta faɗa wani lokaci ta ɗauka kowa zai duba. Dutin dare daga takwas na dare zuwa takwas na safe ne, nas ɗaya da atenda mai taimaka mata ɗaya, ke ce mai allura ke ce mai ba da magani ke ce mai karɓar haihuwa in ta zo da gaggawa kafin a taso likita, in NEPA suka ɗauke kuma ba'a tada janareto ba da tocilan waya a baki zaki nemi jijiya.

Na koyi aiki a wurin, wannan gaskiya ce kuma ba zan ɓoye ba. Amma duk tsawon lokacin ina ta tura takardu, har ranar da saƙo ya shigo wayata daga wani babban asibiti mai zaman kansa ta tsallaken gada, wanda albashinsu ya ninka nawa kuma suna da wodi-wodi na gaske da manyan nas da mutum zai koya a ƙarƙashinsu. An gayyace ni intabiyu ƙarfe tara na safe. Matsalar ita ce saƙon ya ce ranar Talata, amma kwanan watan da aka rubuta da na duba kalanda Laraba ya faɗa. Na kira lambar da ta turo saƙon bata shiga, na tura tes ba amsa, na tambayi wata 'yar ajinmu da itama aka kira tace nata ma haka yake kuma ita Talata zata je don gara ka riga da a riga ka. Nima na ga hakan yafi hankali.

A rosta hutuna Laraba ne. Sai na roƙi abokiyar aikina ta karɓar min dutin safen Talata, ni kuma in karɓar mata daren Talatar, muka je tare muka faɗa ma metiron tace ba damuwa. Talata da sassafe na goge farin kaya na ɗauki fayil na hau keke zuwa Kasuwa na shiga bas, kafin takwas da rabi ina bakin get ɗinsu, mun kai mu goma a tsaye. Mai gadi ya shiga ya fito yace gobe ne, kuskure akai wajen rubuta ranar. Ba wanda ya fito daga ofis ya bamu haƙuri, akwai wacce daga Kafanchan ta taso ta kwana gidan 'yan uwa, tana tsaye tana lissafin kuɗin da ya rage mata. Na koma gida ina ta lallashin kaina cewa ba komai, in na sauka dutin dare ƙarfe takwas na yi handoba, wato na miƙa marasa lafiya ga mai karɓata, da wuri zan iya kaiwa tara ko tara da 'yan mintuna, har na kira wacce sunanta ke kan safiyar Laraba a rostar da na sani nace dan Allah Anti ki taimaka ki zo bakwai da rabi, wayar bata shiga ba sai na bar mata saƙo.

Daren nan wajen ƙarfe biyu aka kawo wani yaro ɗan shekara uku, zazzaɓi ya ci jikinsa yana jijjiga, tafin hannunsa da cikin idonsa fari fat. Maleriya ce mai tsanani kuma jininsa yayi ƙasa sosai. Aka taso likita, na samu jijiya da ƙyar a bayan hannu, aka fara masa allurar atesunet wacce ake yi a take sannan bayan awa 12 sannan bayan awa 24, aka tura baban neman jini. Jinin bai iso ba sai bayan asuba, kusan shida da rabi muka ɗaura. Duk nas ta san ƙarin jini ba abun da ake ɗaurawa a juya baya bane, mintuna sha biyar ɗin farko kina tsaye a kansa kina duba zafin jiki da bugun zuciya da numfashi, bayan nan ma kina dawowa akai-akai, kuma leda ɗaya bata wuce awa huɗu. Likita ya ga an daidaita ya tafi gida yayi wanka. Uwar yaron na zaune a kan tabarma ta riƙe ƙafarsa, duk sanda na taɓa robar sai ta ɗago tace malama lafiya dai ko? Nace lafiya lau Maman yaro, jini na tafiya daidai.

Bakwai da rabi ba kowa. Takwas ba kowa. Na sake kira sai ta ɗauka da muryar barci tace ai ni yau yamma nake, metiron ta canza tun shekaranjiya baki duba ba? Naje jikin durowa na duba, an goge M ɗinta an sa A, an mayar da M ɗin kan wata wacce ita kuma tana can ƙauyensu biki bata ma san an sa ta ba. Na kira metiron tace subhanallahi ta manta bata faɗa mata ba, in yi haƙuri tana zuwa da kanta. Tana zaune ne can wajen Mando.

Ina tsaye fayil ɗina na cikin jaka a ƙarƙashin tebur, farin kayan da na goge suna rataye a bayan ƙofa, agogon bango na tafiya. Atenda tace Sista ki tafi kawai zan kula da shi, na san da zuciya ɗaya ta faɗa amma bata san alamar da zata nema ba, in jikin yaron ya ƙi jinin minti kaɗan ne tsakanin a tsayar da a makara. Kuma barin mara lafiya ba tare da handoba ba laifi ne da zai iya cin lasin ɗin da nake yawo da shi ɗin. Amma wallahi ba lasin nake tunani ba lokacin, fuskar matar nan nake kallo. Na zauna na ci gaba da rubuta awon yaron a takardar jinyarsa.

Metiron ta iso goma saura. Nai mata handoba a tsaye, na canza kaya a banɗaki ko wanka babu, na samu ɗan acaɓa ya fitar da ni titi, ga gosulo wajen Sitadiyam kafin a hau gada. Sha ɗaya ta wuce na isa. Matar da ke riƙe da lis tace an kira sunana sau biyu an wuce, fanel sun rufe karɓar mutane. Nai mata bayani, na nuna mata saƙonsu da ya ce Talata, nace jiya ina nan wurin mai gadi shaida ne, yau kuma mara lafiya ne ya riƙe ni. Tace ta gane amma ba ita ke da iko ba, in bar lambata. Na bari. Ba'a kira ba.

A bas ɗin dawowa nayi kuka ba zan ɓoye ba, wata dattijuwa kusa da ni tana ta cewa yi haƙuri 'yata ko rasuwa akai? Da na isa gida Umma bata ce komai ba sai da na ci abinci, sannan tace yaron fa? Nace da sauƙi, jinin ya shiga lafiya. Tace to Allah ya ba shi lafiya, ke kuma rabonki ba'a wurin yake ba. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara bata hana a faɗi inda aka yi sakaci. Ofishin da ya tura ma mutane rana biyu a saƙo ɗaya ya kamata ya tura gyara, ko ranar Laraba ya ɗaga ƙafa ma waɗanda ya sa suka ɓata Talatarsu. Kuma duk wanda ke kiran nas intabiyu ya sani cewa mafi yawanmu daga wani dutin muke tasowa, saƙon kwana ɗaya ko biyu baya isa a gyara rosta. Abun da yafi ci min rai shine halin da suke cewa suna nema, nas ɗin da ba zata bar mara lafiya ba, shi ne ya hana ni shiga ɗakin, kuma ba wanda ya tsaya ya ji.

Washegari na samu metiron ni da ita nace Mami dan girman Allah a daina canza rosta ba'a kira mutum ba. Ta bani haƙuri sosai, itama ba daɗi take ji ba, nas huɗu take jujjuyawa a aikin mutum takwas kuma in tace a ƙaro mai wurin yace babu kuɗi. Muka yarda duk canjin da za'ai a ɗauki hoton rostar a tura a gurup ɗin WhatsApp, wacce abun ya shafa ta amsa da kanta. Ya yi aiki na ɗan lokaci, daga baya aka fara komawa gidan jiya, don matsalar ba ta fensir bace kawai, ta rashin hannu ce.

Daga nan duk saƙon intabiyu da ya shigo sai na haɗa ranar da kwanan wata a kalanda, in da saɓani ko lambar bata shiga da ƙafata nake zuwa in tambaya a ofis tun kafin ranar, kuma bana karɓar dare in washegari ina da wani wuri, ko da zan biya wata ta riƙe min. Wanda ya zo ya yiwu wani asibiti ne matsakaici, suka ba da sati guda, suka fara da rubutacciyar jarabawa sannan fanel na mutum uku. An tambaye ni matakai biyar na tsarin jinya, an tambaye ni me zan fara yi in mai ƙarin jini ya fara rawar sanyi, nace in tsayar da jinin nan take in bar jijiya a buɗe da ruwan nomal salin a sabuwar roba in kira likita. Aka bani lissafin ɗigon ruwa, mil 500 a awa 8 da robar da ke ba da ɗigo 20 a mil ɗaya, nace 21 a minti. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni ƙananan hukumomi nawa ne a Kaduna nace 23. Da suka ce ko ina da tambaya sai nace ranku ya daɗe rostarku ta wata ce ko ta sati, kuma nas nawa ne ke kwana a wodi? Shugabar nas ɗinsu tace ta wata ce, ana bugawa a kwamfuta ta sa hannu, canji sai an cike ɗan fom mutum biyun sun sa hannu, dare kuma nas biyu.

Nan nake yanzu a wodin mata. Albashin bai kai na gwamnati ba kuma wata shidan farko na gwaji ne, takarduna na jiha da na tarayya suna nan a fotal ina dubawa duk sanda naji an ce za'a ɗauka. Wacce muka yi musayar dutin Talatar nan da ita har yanzu tana can tsohon wurin, ɗaya daga cikin nas ɗinsu ma ta yi aure ta bar gari ba'a maye gurbinta ba, su uku suke juyawa. Satin da ya wuce ta turo min sibi ɗinta na kai ma shugabarmu, an ce za'a kira su cikin wata mai zuwa, na riga na faɗa mata ranar da zata zo ni zan je in riƙe mata daren da ya gabace ta in hutuna ya faɗa daidai, in bai faɗa ba mu nemi wata tun yanzu.